Tafin Miliyan Shida

Malam Maccido ɗan Jumare mutumin Kebbe ne, kuma da tsoro sana'a ne da ya gina gidan bene da shi. Dogo ne, siriri, mai tsafta, rigarsa kullum a buge, hularsa a karye daidai goshi. Idan yana tafiya yakan riƙa waiwaye kamar wanda ya bar tukunya a wuta. Ba ɓarawo ba ne, ba mashayi ba ne, bai taɓa zagin kowa a fili ba. Irin mutanen nan ne da idan sun mutu ake cewa ba su da abokin faɗa, a manta cewa ba su taɓa tsayawa a kan komai ba balle a yi faɗa da su.

Shigarsa boko ba da son kowa ba ne. Zamanin Turawa, da aka ce kowace gunduma ta kawo yara makaranta, masu ƙarfi suka ɓoye nasu a rumbu da ruga, aka bi gidajen marasa baki. Jumare yana da 'yan shanunsa da gonar gero, amma ba shi da wanda zai tsaya masa. Aka ɗauke Maccido yana kuka, uwarsa tana bin dogari da roƙo har bakin gari. Da ya zo hutun farko cikin gajeren wando da jar dara, yana rubutu daga hagu zuwa dama, mutanen Kebbe suka dube shi sama da ƙasa suka ce Bayahude ya dawo.

Ba wai sun san Bayahude ba ne. Babu mutum ɗaya a Kebbe da ya taɓa ganin Bayahude da idonsa. Su dai sun saba jin "Yahudu da Nasara" a numfashi ɗaya, kamar tuwo da miya, sai suka ɗauka abu guda ne mai suna biyu, wato duk wani jan kunne da duk wanda ya bi hanyarsa. Marowaci Bayahude ne, mai taurin kai Bayahude ne, jakin da ya ƙi tashi da kaya ma Bayahude ne. Kalma ce ta jifa, ba wanda ya damu da ma'anarta. A kan wasu takan faɗi ta zame, amma a kan Maccido ta zauna daram ta zama sunansa.

Wannan suna shi ne ciwon ransa, kuma kan rabuwa da shi ya ƙarar da ƙuruciyarsa. Ya koma makarantar allo da gemunsa. Ya sayi carbi mai tsawon da har yana jan ƙasa. Ya riƙa riga ladan zuwa masallaci. Duk a banza. Da ya gama kwalejin horon malamai aka tura shi koyarwa Tambuwal, ya yi ta murna yana zaton ya baro sunan a Kebbe. Ranar kasuwa ta farko wani mai sayar da man shanu daga garinsu ya hango shi, ya ɗaga murya yadda har 'yan koli za su ji.

"A'a, Bayahude! Nan anka kawo ka?"

Kafin a watse kasuwa sunan ya riga shi zuwa gida.

A Tambuwal akwai wani zaure da Maccido ya ƙwallafa wa rai, zauren Alhaji Ɗanmaliki, babban falken fata da ƙiraga. Bayan la'asar ake shimfiɗa tabarmi a ƙofarsa, dattawan unguwa su zauna a raba goro. Wanda aka matsa wa ya zauna a nan ya zama mutum, wanda ba a matsa wa ba ɗan kallo ne ko da ya haddace littattafan duniya. Kullum Maccido sai ya bi ta nan, alhali ba hanyar gidansa ba ce. Ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa ya kwashi gaisuwa.

"Lafiya lau, Bayahude," in ji Alhaji, ko kallonsa ba ya yi. "Ina Turawanka?"

Sai a kwashe da dariya. Shi ma ya yi, har tasa ta fi ta kowa ƙara, sa'an nan ya ɗauki takalmansa ya wuce yana haɗiyar zuciya. Shekara da shekaru ana haka, bai fasa bi ba, su kuma ba su fasa ba shi abin da ya zo nema ba.

Abin haushin shi ne, duk garin nan shi kaɗai ya san abin da kalmar take nufi. A kwaleji wani malaminsu Bature, wanda ya yi yaƙin duniya na biyu, ya taɓa rufe ƙofar aji ya ba su labari. Ya ce Yahudawa al'umma ce mai zaman kanta, da masu kirki da marasa kirki kamar ta kowa, da maɗinka da likitoci da tsofaffi masu tari. Ya ce a ƙasar Jamus, zamanin Hitila, an fara da zaginsu ne kawai. Daga nan aka tilasta musu liƙa ƙyalle ruwan ɗorawa a ƙirji don a gane su, aka hana saye a kantunansu, aka kori 'ya'yansu daga makaranta. A ƙarshe aka bi su gida gida, har cikin ƙasashen da Jamus ta ci, aka cusa su a taragon dabbobi, aka kai su sansani aka kashe da hayaƙi mai guba. Ya zagaya da wani hoto kowa ya gani. Ba gawa a ciki, takalma ne kawai, tsibi guda ya fi ɗaki tsawo, manya da ƙanana, har da na yaran da ba su daɗe da fara tafiya ba. Maccido ya saba ganin takalma a tare a ƙofar masallaci, amma waɗannan masu su kan fito su saka. Ranar nan bai iya cin abinci ba.

A nan kaɗai za a yaba masa, kuma kada a yi rowar yabon tunda ba shi da wani. Shekarun farko da ya riƙe babban aji, idan darasin tarihi ya kawo kan yaƙin, yakan faɗi abin yadda yake. Yakan dai tura ƙyaure tukuna, ya rage murya kamar mai gulmar sarki, amma yakan faɗa.

Haka ma a gida. 'Yarsa ta fari, Zahara'u, tana cikin 'yan matan da ba su fi a ƙirga da yatsu ba a makarantar. Yarinya ce mai shiru, mai yawan kallo. Wata rana tana kakkaɓe masa littattafai ta ci karo da irin hoton nan a cikin ɗaya daga cikinsu.

"Baba, ina masu takalman ga?"

Ya zaunar da ita ya gaya mata duka, bai rage komai ba. Ta yi kuka har uwarta ta leƙo tana faɗan me aka yi wa yarinya.

"Mutane na awa mu," in ji shi. "Har da jarirai. Duk wanda yac ce miki ba mutane na ba, ƙarya shika yi. Kada ki manta."

Ba ta manta ba. Shi ne ya yi saurin mantawa.

Shekarar samun mulkin kai makaranta ta rikice da shiri. Ana koyon maci, ana koyon sabon taken ƙasa, ana raba ƙananan tutoci kore da fari. Malam Maccido, wanda bai taɓa ƙirƙiro ko tsinke ba, ya wayi gari da dabara. Ya ce wa ajinsa ƙasa ta girma, kuma girman ƙasa da miliyan ake auna shi, saboda haka duk lokacin da kalmar miliyan ta fito daga bakin malam, a tafa. Mutanen Najeriya miliyan kaza ne, a tafa. Shanun Arewa miliyan kaza, a tafa. Buhunan gyaɗa miliyan kaza, a tafa. Tafi ne na makaranta mai kari, raf raf raf, a tsaya, a sake, a rufe da guda mai ƙarfi. Ranar biki abin ya ƙayatar, hedimasta ya yaba masa a gaban jama'a, ya yi kwanaki yana tafiya kamar an naɗa shi sarauta. Biki ya wuce, tutoci suka yage, amma tafin ya zauna. Ko a darasin lissafi miliyan ta gifta, hannuwan yara kan tashi da kansu.

Shekara ta kewayo, sai hukumar En'e ta ce a riƙa gayyatar dattawa su shiga azuzuwa su ga abin da ake koyarwa, ko tsoron boko ya ragu a zukatan iyaye. Aka gayyaci Alhaji Ɗanmaliki. Ya zo da hantsi da abokan zamansa biyu, cikin babbar riga mai aska, yana yatsina kamar an kawo shi majema, shi da ya ƙare rayuwarsa cikin warin fata. Aka jera musu kujeru a gefen allo a ajin Malam Maccido. Darasin da ya faɗo a wannan sa'a kuwa tarihi ne, kuma an kawo daidai kan yaƙin.

Maccido ya raɗa wa hedimasta ko a juya zuwa lissafi. Hedimasta ya ce a'a, a yi abin da aka saba, ai shi suka zo gani. Ga ƙyaure a buɗe, ga Alhaji yana ɓare goro. Maccido ya ɗauki alli ya fara. Ya faɗi Jamus, ya faɗi Hitila, ya zo kan Yahudawa ya yi ta kewaye kewaye, daga bisani dai ya furta.

"Dakata," in ji Alhaji, ya ɗaga hannu. "Mi kac ce? Nasara sunka kashe Yahudu? Ashe ba uwa ɗaya uba ɗaya suke ba?"

"A'a, ranka shi daɗe. Kowa da nashi iri, kowa da nashi addini."

"Ikon Allah! To kai wanne kake ciki?"

Abokan Alhaji suka tuntsire. Yara suka sunkuyar da kai suna ƙunshe tasu dariyar, don duk sun san sunan malaminsu, a bayan idonsa da shi suke kiransa.

"Shi ya sa nij ji muryarka na rawa," Alhaji ya ƙara. "Ashe zaman makokin dangi kaka yi muna. Ci gaba, Allah shi ba ka haƙuri."

Maccido ya ci gaba. Ya bi ta kan ƙyallen ƙirji da gudu, ya tsallake taragon dabbobi, bai ko ambaci takalma ba. So yake ya kai ƙarshe ya huta. Ƙarshen kuwa adadi ne.

"Waɗanda anka kashe," in ji shi, "sun kai miliyan shida."

Hannuwa suka tashi. Yara biyu uku har sun buga na farko, raf, sai suka tsaya, don fuskar malam ba irin ta ranar biki ba ce, kuma ko yaro ya san ba a tafa wa mutuwa. Ajin ya yi tsit, tafukan hannu a sama suna fuskantar juna, ido duka a kansa. Ba wani abu mai wuya ake nema daga gare shi ba. Girgiza kai kawai ya isa. Da ya yi haka da hannuwan sun sauka, darasi ya ƙare, Alhaji ya koma zaurensa ya ci gaba da kiransa abin da ya saba.

Wannan na ƙarshen ne ya tsaya masa a wuya. Ya saci kallon Alhaji, ya ga yana murmushi da jan goro a haƙora, yana jira ya ga inda Bayahude zai faɗa. A nan Malam Maccido ya ga ƙofar da ya yi shekaru yana nema, a buɗe, ba mai gadi.

"Mi kuka jira?" Ya daka wa yaran tsawa. "Ba ku ji miliyan ba? A tafa mana!"

Aka tafa. Raf raf raf, aka tsaya, aka sake, aka rufe da mai ƙarfi. Alhaji ya yi dariya har rawaninsa ya goce.

"Kai, madalla! A sake!"

Malam ya ɗaga hannu kamar mai ba da maci, aka sake, wannan karon har da shi.

Zahara'u, wadda a shekarar take ajinsa, tana bencin 'yan mata a jikin bango. Hannuwanta suna kan cinyarta, ba ta motsa su ba. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɓata fuska ba, ubanta kawai take kallo. Idon Alhaji, da ya saba gano huji a fata tun daga nesa, ya faɗa kanta.

"Waccan fa? Hannunta ciwo shika yi? Ɗiyar wa ta?"

Wani cikin abokansa ya raɗa masa. Alhaji ya ce, "Af!" Ya juyo ya zuba wa Maccido ido.

"Zahara'u," in ji Malam, "ki tafa."

"Baba, kai kac ce..."

"Babu Baba nan. Malam na."

Ta miƙe tsaye yadda aka koya musu idan za a yi magana da malami. Muryarta ba ta da ƙarfi, amma ajin ya yi shirun da kowa ya ji.

"Malam, kai kac ce mutane na awa mu. Kac ce har da jarirai. Kac ce kada in manta."

Murmushin Alhaji ya fara janyewa. Maccido ya ga ƙofar nan tana rufewa a kan idonsa. Yana iya cewa yarinya ce, ba ta da lafiya. Yana iya korar ta waje. Ƙarya iri iri tana nan a araha wadda ba za ta cuci kowa ba. Amma tsoro ba ya barin mai shi ya zaɓa, abin da ya fi kusa da hannu yake miƙa masa. Abin da ya fi kusa da hannun Maccido kuwa shi ne abin da aka yi shekaru ana jifansa da shi. Ya yi wata 'yar dariya mara daɗin ji.

"Ƙyale ta, Alhaji. Bayahudiya ta."

Ajin ya fashe da dariya. Yara suna bubbuga benci, dattawa suna share hawaye da hannun riga. Alhaji ya ce rabon da ya yi dariya haka tun kafin ya tafi Makka, kuma in dai haka boko take, to babu laifi. Zahara'u ta koma ta zauna, ta mayar da hannuwanta inda suke.

Da la'asar Maccido ya bi ta ƙofar zauren, ya cire takalmi, ya durƙusa. Alhaji ya ɗan muskuta ya buga tabarma da tafin hannu.

"Malam Maccido, taho ka zamna."

Ya zauna. Aka miƙa masa ɓarin goro. Hirar da ya yi shekaru yana mafarkin ji kuwa, ashe a kan tsadar gishirin jima ce, da jakin wane da ya shiga gonar wane, da wanda ya ci bashin kunya a wurin suna. Ya saurara da baki buɗe yana gyaɗa kai, kuma haka ya ci gaba da gyaɗa shi a wannan wuri har furfura ta cika masa gemu. Daga ranar ba wanda ya sake ce masa Bayahude.

Sunan bai mutu ba, gida ya sauya. Kafin Zahara'u ta kai rijiya da yamma ya riga ta isa. 'Yan ajinsu suka kai shi unguwa, mata suka ɗauka, 'yan talla suka yi masa waƙa. Uwarta ta yi faɗa da maƙwabta har ta gaji. Ita yarinyar ba ta taɓa tanka wa kowa ba, kuma ba ta taɓa tayar wa ubanta da maganar ba. Takan kai masa tuwo ta durƙusa ta ajiye, ta kawo ruwan wanke hannu. Abu ɗaya ne ya sauya: tun daga ranar ba ta sake ce masa Baba ba. Malam take ce masa, a makaranta da gida, har ta girma. Ya ji, ya gane, ya yi kamar bai ji ba, don wannan fannin ya ƙware a kai.

Darasin yaƙin ma bai sake koyar da shi ba. Idan an kawo wurin sai ya haɗa shafukan ya juya, ya ce wannan ba ya fitowa a jarrabawa. Ya zama hedimasta, ya samu sahun gaba a masallaci, ana kiransa ɗaurin aure da raɗin suna. Da ya yi ritaya ya koma Kebbe da mutuncinsa cikin aljihu, yana lallaɓa shi kada ya fashe.

Zahara'u ta wuce makarantar ungozoma, aka tura ta asibitin Dogon Daji, ta yi aure a can. Sunan ya bi ta, ba ta kuwa guje masa ba. Idan an ce Bayahudiya sai ta ce na'am, ta ci gaba da wanke hannunta. Tana da sanyin hannu, ba ta tsawa, ba ta duba ko matar wane ce kafin ta tashi. Daga Jabo har Sanyinna, idan haihuwa ta zo da gardama, abin da ake cewa shi ne a kai ta wurin Bayahudiya. Yaran da aka haifa a hannunta suka girma ba su san kalmar zagi ba ce, su a wurinsu sunan wata mata ce mai kirki.

Alhaji Ɗanmaliki ya rasu, magada suka raba gidan, zauren ya zama shagon faci. Waɗanda suka san Malam Maccido da hedimastancinsa suka bi bayan Alhaji ɗaya bayan ɗaya.

Wata ranar kasuwa Malam Maccido, tsufa ya riga ya kama shi, ya zo Tambuwal, zai koma Kebbe ya tarar mota ta cika, saura bayan akori inda ake loda buhuna da awaki. Ya matsa wurin direban, wani ƙaton mutum da ake kira Dogo, ya gyara murya.

"Ni na Malam Maccido, tsohon hedimasta."

"To, sannu Baba," in ji Dogo, yana ɗaure igiya. "Baya akwai wuri."

Wata tsohuwa mai sayar da ƙosai a bakin tasha ta ɗago kai.

"Kai Dogo, ba ka san shi ba? Uban Bayahudiya na."

Dogo ya saki igiyar. Ya zagayo ya durƙusa har ƙasa, ƙato da shi, ya kama hannun tsohon da hannu biyu. Ya ce matarsa ta kwana biyu tana naƙuda, kowa ya fid da rai, wannan baiwar Allah ce ta tsaya a kanta har aka sauka lafiya, ga yaron can ya shiga makaranta. Ya sauko da wani ɗan kasuwa daga gidan gaba, ya kakkaɓe kujerar da hularsa, ya ɗora Malam a kai. Ya ce ko kwabo ba zai karɓa ba.

Sun fita gari, mota tana rangaji a kan ramuka, Dogo ya kasa haƙuri.

"Wai Baba, abu guda ke damuna. An ce da can wanga suna zagi na. Mace mai kirki haka, wane marar imani yas sa mata shi?"

Malam Maccido ya gyara zaman hularsa, ya dubi gonakin dawa suna wucewa, ya yi ajiyar zuciya irin ta dattijon da ya ga duniya.

"Mutanen gari na, ɗana," in ji shi. "Ka san mutane ba su da tsoron Allah."